Tafiya Kalkata: aikin sa kai a gidan marasa galihu na Kalighat

Daga filin jirgin saman Kalkata, a gabashin Indiya, tasi ce mai launin rawaya ta kai ni titin A.J.C. Bose, inda babban gidan ƙungiyar sistocin Katolika masu hidimar matalauta da Uwa Teresa ta kafa a 1950 yake. Kabarinta na nan a ƙasan ginin tun rasuwarta a 1997. Mai son aikin sa kai ba sai ya aiko takarda tun daga gida ba. Fasfo kawai zai riƙo ya je rajista da ƙarfe uku na rana, ranar Litinin, Laraba ko Juma'a, a yi masa bayani, ya zaɓi gidan da zai yi hidima. Na zaɓi Nirmal Hriday, wanda aka buɗe a 1952 a unguwar Kalighat, jikin wurin bautar Kali, abar bautar Hindu, domin waɗanda ake tsintowa a titi rai a hannun Allah.

Ana fara sujada da ƙarfe shida na safe. Bayan ta sai shayi da burodi da ayaba, a yi gajeriyar addu'a, kowa ya kama hanya. Kafin takwas mun isa Kalighat a bas. Maza na kula da maza, mata na kula da mata.

Wanki ne ke cin rabin safiya, kuma da hannu ake yinsa. Ana fara kankare ƙazantar zanen gado, a jiƙa shi cikin ruwan maganin kashe ƙwayoyin cuta, a cuɗa da sabulu, sannan a bi da shi bahunan ɗauraya ɗaya bayan ɗaya har ruwan ya fito garau. Sabon zuwa yakan yi gaggawa a ɗauraya. Illar ita ce sabulun da ya saura yana cin fatar wanda ke kwance dare da rana, fatar da dama ta yi laushi. Matsewa aikin mutum biyu ne, kowa ya kama gefe ya murɗa. Idan ba a matse sosai ba, zanen ba zai bushe a saman bene ba, balle da damina, daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da iskar garin kanta jiƙe take. Safar hannu dole ce, musamman ga mai ƙujewa a yatsa.

Ciyarwa ta fi wanki neman haƙuri. A tayar da majiyyaci zaune tukuna, a tallafe bayansa. Rabin cokali ake ɗiba, a jira a ga maƙogwaro ya motsa kafin na gaba. Wanda aka ba abinci a kwance yakan sarƙe, abincin ya bi hanyar numfashi ya jawo ciwon huhu. Bayan ya gama a bar shi zaune kamar rabin sa'a. Na ga wani dattijo ya rufe baki gam ya ƙi cokali, har wata sista ta aje kwanon ta riƙe hannunsa, tana yi masa magana a hankali da Bengali. Da kansa ya buɗe bakin. Wanda ba ya iya motsi kuwa a juya shi duk bayan sa'a biyu, a duba ƙugu da diddige da kafaɗa. Jan tabon da bai gushe ba idan an danna shi mafarin gyambo ne, a gaya wa sista nan take. Magani da allura na sistoci ne, ɗan sa kai ba ya taɓawa.

A ɗakin sujadarsu, gefen gicciye, an rubuta maganar Yesu cewa yana jin ƙishirwa. Sistocin sun ɗora dukan aikin a kan ayar Injila, Matiyu 25:40, cewa abin da aka yi wa mafi ƙanƙanta Yesu aka yi wa. A ganina wannan ne ke sa a ɗauraye zane da kyau ko ba mai dubawa. Yawancin majiyyatan ba su da ƙarfin cewa sun gode. Ni ne ma nake fita da godiya ga Allah, don mutumin da bai san ni ba ya yarda na wanke shi a lokacin da ya fi rauni.

Da sha biyu ake tashi, masu ƙarfi su dawo da ƙarfe uku. Alhamis babu aikin 'yan sa kai, ranar addu'ar sistoci ce. Mai niyyar zuwa ya ware makonni, domin sai ya daɗe zai gane wanda ke son ruwa kafin abinci da wanda ba ya jure a taɓa masa ƙafar hagu.