Godiya daga gidan Baba baduku na unguwar Birni

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

A madadin Inna da ƙannena da duk mutanen gidanmu na Birni, a nan Damagaram, ina miƙa godiya ga waɗanda suka halarci walimar da muka yi ranar Asabar ta murnar samun sauƙin Baba, da waɗanda ba su samu zuwa ba suka bugo waya daga Yamai, Maraɗi, Agadas da Kano. Allah ya saka da alheri. Waɗanda suka iso bayan la'asar suka tarar tukunya ta yi ƙasa, a yi mana afuwa, jama'ar ta fi ƙarfin lissafinmu.

Kamar yadda yawancinku kuka sani, bara da damina hawan jini ya buge Baba yana zaune a rumfarsa yana ɗinkin alabe. Baki ya karkace, magana ta sarƙe, ɓarin dama ya saki. Mun gode wa abokan sana'arsa dukawa da ba su tsaya yayyafa masa ruwa ba suka nemo abin hawa nan take, da mai adaidaitar da ya kai shi asibiti ya ƙi karɓar ko dala. Mun gode wa likitoci da masu jinya. Su suka yi mana bayani cewa jijiyar jini ce ta toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, kuma hagun kai shi ke juya daman jiki, ga mafi yawan mutane har da magana. Mun gode wa mai kine, wato mai gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi, da ya yi ta fama da ƙafar har Baba ya miƙe da sanda.

Sai dai akwai wadda ba ta zauna a walimar ba, ta leƙo ta gaida Inna ta ce tana da maras lafiya a Garin Malam ta wuce, kuma saboda ita na zauna rubuta wannan. Ita ce ma'aikaciyar ergoterapi, wato mai sake koya wa maras lafiya ayyukansa na yau da kullum, da ta riƙa zuwa gidanmu, wadda duk gidan ke kira Madam, Baba kuwa ya ce mata ƴar nan.

Lokacin da aka haɗa mu da ita Baba yana iya takawa daga ɗaki zuwa zaure, amma ba ya iya sa riga, ba ya iya kai loma baki, ba ya iya zaga bayan gida sai an riƙe shi. Wannan na ƙarshen shi ya fi ci masa rai, dattijo mai jikoki. Zuwanta na farko ba ta taɓa hannun ba sai can ƙarshe. Tambaya ta yi ta yi: ƙarfe nawa yake tashi, a ina yake alwala, a tabarma yake cin abinci ko a kujera, da wa yake ci, me ya fi so ya koma yi da kansa. Ta zaga gidan ta duba dokin ƙofar zaure, ta leƙa masai, ta ɗaga butarsa ta ji nauyinta. Da ƙyar Baba ya haɗa kalmomi ya ce mata abu biyu yake so, alwala da basilla. Ta rubuta su a littafinta, ta ce to da alwala za a fara.

Sai ta kafa wa gidan doka, kuma Inna ba ta ji daɗinta ba ko kaɗan: kada wanda ya ƙara ba Baba abinci a baki, kada a sa masa hula, kada a ja shi ta hannun da ya shanye in za a tayar da shi, domin naman kafaɗar ya saki, ja kaɗan zai iya zame gaɓar. Inna ta ce, "Madam, mutum yana kallon mijinsa yana zubar da kunu a ƙirji ya naɗe hannu?" Ta ce, "Inna, ki sa masa zane a ƙirjin. Hannun da ake yi wa komai mantawa yake da aiki." Ta ƙara da cewa watanni uku zuwa shida na farko su ne ƙwaƙwalwa ta fi saurin koyon sabuwar hanya, ba lokacin lallashi ba ne.

Maganar cin abinci ta zo da nata rikicin. Baba ya ƙi ci da hagu, ya gwammace ya kwana da yunwa. Kowa ya san matsayin hannun dama a wurinmu, da shi ake ci, da shi ake gaisawa, da shi ake karɓa. Madam ba ta yi masa gardama ba. Ta ce a kira limamin masallacin unguwa, shi kuwa ya zo ya zauna da Baba ya tabbatar masa cewa mai lalura ba shi da laifi. Malam, mun gode. Ita kuma a nata ɓangaren ta naɗe mariƙin cokali da robar tayar keke har ya yi kauri yadda yatsun dama za su iya damƙa, ta ce loma uku na farko da dama, sauran da hagu. Ukun suka zama biyar, suka zama rabin kwano.

Ban taɓa ganin aikin asibiti da kayansa suke fitowa daga madafa da Kasuwar Dole ba sai wannan. Tsintar wake daga cikin gyaɗa. Matse abin shanyar kaya. Jan carbi ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Mulmula ƙullun fura. Ta zube masa kuɗi a faifai, dala biyar, dala goma, dala ashirin, ta ce ya haɗa mata canjin jika ɗaya in an sayi abin dala saba'in, wai da haka take gwada yatsu da lissafi a lokaci guda. Ta koya masa sa riga: hannun da ya shanye shi ke fara shiga, shi ne kuma na ƙarshen fita. Ta ajiye madubi a tsakiyar ƙirjinsa ya riƙa kallon hannun hagu yana motsi kamar na daman ne, abin da ya sa jikoki suka yi ta dariya har ta kore su waje. Abu ɗaya ne kawai ta zo da shi daga wurin aiki, wata farar roba da ta jiƙa a ruwan zafi ta yi laushi, ta lanƙwasa ta a tafin hannunsa ta bushe da siffarsa, yana kwana da ita don kada yatsun su dunƙule. Robar daga waje ake kawo ta, tana da tsada, ko guntun da ta yanke ba ta yarwa.

Ita ta zana wa mai walda kujera mai huda da mariƙi biyu aka ɗora kan masai. Ita ta sa magini ya rage tsayin dokin ƙofa. Buta ta gagara da hannu ɗaya, sai ta sa aka nemo bokiti mai famfo aka ɗora kan turmi, kuma, kasancewarta ƴar gari da ta san abin da jarkar ruwa ke ci a Damagaram in zafi ya yi, ta ce a sa roba a ƙasa a tari ruwan a ba shuka. Mun gode wa mai walda da magini, dukansu kuɗin kaya kawai suka karɓa.

A hirar da take yi da Inna tana haɗa jaka muka san yadda yininta yake. Da safe tana wurin aiki da yaran da suka samu matsalar ƙwaƙwalwa wajen haihuwa, tana koya wa iyaye mata yadda za su zaunar da su da yadda za su ba su abinci kada su shaƙe. Da hunturu yaran da suka faɗa wuta ke yawa, tana ɗaure musu gaɓoɓi a miƙe don kada tabo ya ja fatar ya haɗe yatsu. Ga ƴan kabu-kabu da haɗari ya tsinka wa jijiyar hannu. Ga waɗanda kuturta ta kashe wa jin zafi a tafi, tana naɗe musu mariƙin tukunya don ba sa sanin sun ƙone. Bayan azahar ta hau babur ta bi gidaje, Zango, Sabon Gari, wani lokaci har Mirya. Da dare ta zauna cika takardu, wane ya ɗaga hannu zuwa kaza, wance ta iya ɗaura zane. Ƙanina da ke karatu a Jami'ar André Salifou ya ce min masu wannan aiki suna da ƙungiya ta duniya tun 1952, har da ranarsu, 27 ga Oktoba. A ganina abin kunya ne a ce aikin da ya kai wannan shekaru, mu a gari kamar Damagaram sai da ciwo ya shigo gida muka ji sunansa. Masu hannu da shuni da ke biya wa yara karatun likita, a riƙa tunawa da wannan fanni.

Kada wani ya ɗauka Baba ya koma yadda yake a da. Maganarsa tana da nauyi har yanzu, ƙananan yatsu biyu ba su dawo ba, kuma Madam tun farko ba ta yi mana alkawarin za su dawo ba. Amma yana alwala da kansa, yana zuwa Juma'a da sandarsa, kuma ya koma rumfa da safe. Kafinta ya yi masa matsi na katako mai riƙe fatar, aka ƙara wa basilla ƙota mai kauri. Laya da kube yake yi yanzu, alabe sai a hankali. Masu saye a yi haƙuri da jinkiri, ɗinkin dai nasa ne.

Madam, Inna ta ce a gaya miki furar da kike ƙin tsayawa sha bashi ce a kanki. Allah ya yi wa zuriyarki albarka, ya tsare ki a kan hanya, ya ƙara miki haƙuri da gidaje irin namu.

Sandar mai ƙafa huɗu da Baba ya fara tafiya da ita da keken guragun da maƙwabta suka haɗa kuɗi suka saya suna nan a zaure, ba ya amfani da su yanzu. Duk mai maras lafiya da ke bukata ya zo ya ara, a tambayi gidan Baba baduku a Birni. Sauran marasa lafiya na gida da na asibiti, Allah ya ba su lafiya. Amin.