Talata, da batun shafi na 7

Da walwalata na fita yau. Har masinja na riga isowa, 7:40 na sa hannu a rajista.

Sai mitin.

Rahoton da na kwana uku a kansa, shi Oga ya ɗaga gaban baƙin hedikwata. "Na zauna na duba." "Na gano cewa." Ina ta kasa kunne, ban ji "mun" ko sau ɗaya ba. Wannan bai dame ni ba, an saba, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da aka zo shafi na 7, ɗaya daga cikin baƙin ya ce jimillar ba ta yi daidai ba. Nan take rahoto ya tashi daga nasa ya dawo nawa.

"Hajiya, ba ke kika haɗa wannan ba?"

"Ni ce, ranka ya daɗe, amma..."

"Kun ga abin da nake fama da shi ko? Rashin natsuwa."

Alhali shi ya canza adadin jiya da yamma, wai nawa ya yi ƙasa, ba zai yi wa na sama daɗi ba. Takardar tana cikin jakata, da jan bironsa a jiki. Hannuna har ya kai kan zif. Mutum shida a ɗakin sun san yadda aka yi, amma kowa ya ƙura wa fayil ɗinsa ido kamar yau ya fara ganinsa.

Da aka tashi, sai ga su ɗaya bayan ɗaya wajen firinta, murya ƙasa-ƙasa: ki yi haƙuri, kin san halinsa. Wallahi wannan ya fi ba ni haushi. Saura kaɗan in yi wa ta kusa da teburina tatas, sai na tuna watan jiya, ranar da aka yi wa wani yaro na sito irin haka. Me na yi? Na bi shi waje na ce ya yi haƙuri. Mako biyu ya ƙara, ya ajiye aikin.

Firinta ta sake cinye takarda. Ciwon kai tun rana.

Ƙarfe 4 Oga ya leƙo yana fara'a, wai nan duk 'yan gida ɗaya ne mu, in gyara shafin kafin in tashi. Na mayar da adadina na farko, na tura ta imel. Amsarsa: "Yauwa."

Yaya ta ce in yaga takardar kar ta ja mini fitina. Ban yaga ba. Ban kuma fito da ita daga jaka ba.