Abin da adon farin biki ya koya min a Legas

Cikin duk ayyukan ado da muke yi a nan Legas babu wanda ke cin tunanina kamar bikin da aka ce komai fari ake so. Mutane gani suke shi ya fi sauƙi tunda ba haɗa kala za a yi ba, ni kuwa tun ina koyon aiki a hannun uwar ɗakina a Agege na gane fari ba ya rufa wa mai aiki asiri, ɗan ƙaramin tabo tun daga ƙofar hol za a hango shi.

Shi farin ma ba iri ɗaya ba ne. Akwai fari fat, akwai ruwan madara, akwai wanda ya ɗan ja zuwa kore. In ka sayo yadin labule fari fat a kasuwar Balogun ka ɗora masa fure mai ruwan madara, sai furen ya zama kamar ya yi dauɗa alhali sabo ne dal. Shi ya sa kafin in sayi komai nake ce wa uwar amarya, Hajiya don Allah a ba ni ƙyallen yadin amarya, shi zan bi. Wasu su ɗauka fi'ili ne, amma ai yarinyar ce za ta zauna tsakiyar adon ana ta ɗaukarta hoto, in farin kayanta bai shiga da na bayanta ba ita za a gani. Fitila ma haka take, ƙwai mai jan haske yana mayar da fari tamkar ruwan ƙwai, don haka sai na je hol ɗin an kunna min na gani da idona.

Furannin kuma yawanci a jirgi suke zuwa daga Kenya ko Habasha ko Holan, su sauka Ikeja, wasu kuma daga Jos. Wardin da aka noma a gefen tafkin Naivasha na Kenya, wuri mai sanyi da tsayinsa ya kusa mita 1,900, shi ne za ka ɗauko ka shiga gosulo da shi a gadar Third Mainland mai kusan kilomita 12 rana na dukan mota, wallahi tausayi suke ba ni. Da isowa sai a yanke ƙasan karan a karkace, a cire ganyen da zai nutse, a tsoma a bokitin ruwa mai tsafta a ɗaki mai esi, kuma kar a ajiye ayaba ko mangwaro kusa don iskar da suke fitarwa in suna nuna tana tsofar da fure. Farin wardi ba ya son taɓawa, inda yatsa ya danna gobe zai yi baƙi-baƙi. Haidiranjiya, fure mai babban kai a dunƙule, ita ta fi kowa ƙishi, in ta langwaɓe ka tsoma kanta gaba ɗaya a ruwa sau da yawa tana farfaɗowa. Lili kuwa da ta buɗe nake cire ƙwayoyin tsakiyarta, garin nan mai ruwan ɗorawa in ya zuba a leshin amarya kar a goga, salatif ake sa wa a ɗage shi.

Tunda babu kala da za ta ja ido, girma da siffa su ke yin aikin. Manya a haɗa da ƙanana, dogo kusa da gajere, furen okid na zubowa ta gefe, ga kyandir ga gilashi. Ni dai ina son ɗan koren ganye ko yaya ne, yana fito da farin, amma in masu biki sun ce a'a ba na ja.

Batun furen roba kuma ba na ɓoye wa kowa. Can sama inda hannu ba ya kai wa roba nake sa wa, na gaskiyan su tsaya a teburi da hannun amarya, kuma a rubuce nake ba su lissafin kowanne daban. Ranar dina yadi da kujeru su ake fara shiryawa, ɗanyen fure ba ya shiga hol sai an tada janareta esi ya kama sosai.