Darussan da na koya a teburin harhaɗa ƙaramin jirgi mai rimot

Ƙaramin jirgin sama mai rimot da ke zuwa a kwali, wanda masana'anta ta riga ta ƙera sassansa, yana da saurin ruɗin mai koyo. Kana buɗewa za ka tarar da gangar jiki a gama, fukafukai an lulluɓe su da leda mai sheƙi, wutsiya an yanka an goge, ga 'yar jaka cike da kusoshi da wayoyi. Ido zai ce maka aiki ya ƙare, saura ɗaurawa. Abin da na fahimta tun da na shiga wannan harka shi ne, masana'anta ta yi ɓangaren da ake gani ne, ta bar wa mai harhaɗawa ɓangaren da iska za ta bincika. Ita kuwa iska ba ruwanta da kyan fenti. Miƙewa take nema, da zaman nauyi a inda ya dace, da kowane leɓe na fiffike da wutsiya, wato ɓangaren bayansu da rimot ke ɗagawa ko sauke shi, ya motsa ta fuskar da aka umarce shi.

Abu na farko da ya zauna min shi ne, kada gam ya taɓa komai sai an gwada shi a bushe. A zura sandar da ke haɗa fukafukan biyu a ga ko sun haɗu ba tazara, a ɗora wutsiya a mazauninta, a cire, a sake ɗorawa. Da yawa daga cikin waɗannan jirage da katakon balsa ake yin su, icen da akasarinsa daga ƙasar Ekwado yake fitowa, wasu kuma da wata roba mai kama da soso. Balsa ba ta da nauyi, shi ya sa ake son ta, amma tana jin zafi da laima. Kwalin da ya sha doguwar tafiya yana iya isowa da fiffiken da ya ɗan murɗe, ko ledar jikinsa ta yamutse. Ledar irin wadda zafi ke tsuke ta ce, don haka da ƙaramin dutsen guga ake bi a miƙar da ita. Da shi ne ma ake warware murɗewar: mutum ɗaya ya juya fiffiken ta ɗaya ɓangaren ya riƙe, wani ya bi da zafi. Wanda bai duba wannan ba, jirginsa zai yi ta jirkicewa gefe guda, shi kuma yana zargin rimot.

Inda na fi daɗewa, kuma inda na fi ƙaruwa, shi ne wajen kafa wutsiya. Kayan aikin allura ce da zare. A soka allurar a tsakiyar gangar jiki can gaba, a ɗaura mata zaren da ba ya talewa, a ja shi zuwa ƙarshen wutsiya na dama a yi alama, sannan a kai shi na hagu. Idan alamar ba ta faɗa wuri ɗaya ba, wutsiya ta karkace ke nan, ko da milimita 3 ne. Bayan haka a ja da baya taku kaɗan, a durƙusa, a hango ta bayan jirgin ko shimfiɗar wutsiyar ta yi layi ɗaya da fiffike. Na daina yarda da idona shi kaɗai a wannan mataki, domin ido yakan ga abin da mai shi ke son ya gani, musamman idan yana ɗokin gamawa.

Sai wani ɗan aiki da littafin umarni ke ambata a layi guda, alhali rayuwar jirgin na rataye da shi. Gam ba ya kama leda, don haka dole a yanke ledar da ke tsakiyar wutsiya, katako ya haɗu da katako. Matsalar ita ce reza. Idan ta nutse ta ja layi a jikin balsar, to an zana wa wutsiya inda za ta karye. Gam zai rufe wurin, babu mai gani, jirgin zai tashi lafiya, sai ranar da aka sauko da gudu aka ja shi sama, nauyin iska ya danna wutsiyar, ta ɓalle daidai kan wannan layi. Shi ya sa masu gogewa ke amfani da sabuwar reza da hannu mara nauyi, wasu kuma su narkar da ledar da kan ƙarfen liƙa waya mai zafi, wanda ba ya yankar katako. Tun da na gane haka nake girmama duk wani aiki da za a rufe a kansa, domin mai yin sa ne kaɗai ya san abin da ke ƙasa.

Batun gam ba shi da tsawo. Gam ɗin efoksi mai kamawa cikin minti 30 shi ne na wuraren da ke ɗaukar nauyi, yana ba ka lokacin gyara kafin ya kama, kuma yana shiga jikin katako fiye da mai minti 5. Gam mai kamawa nan take yana cinye wasu nau'o'in soso, sai a fara gwada shi a wani gefe da ba a gani. Kuma yawan gam ba ƙarfi ba ne, nauyi ne.

Nauyin nan shi ya kawo ni ga darasin da ya fi kowanne girma, wato cibiyar nauyi. Kowane jirgi yana da wurin da idan ka ɗora shi a kan yatsu biyu ta ƙarƙashin fiffike zai tsaya daidai. A jirgi mai miƙaƙƙen fiffike, wurin yakan kasance tsakanin kashi 25 zuwa 33 cikin 100 na faɗin fiffiken, idan aka auna daga bakinsa na gaba. Jirgin da hancinsa ya fi nauyi yana da taurin kai, yana sauka da gudu, amma ana iya sarrafa shi. Wanda wutsiyarsa ta fi nauyi kuwa, taɓawa kaɗan zai miƙe tsaye, gudunsa ya mutu, ya faɗo kafin hannu ya kai ga gyara. Abin kamar sikeli ne mai hannu ɗaya dogo, ɗaya gajere. Idan wutsiya ta ninka hanci nisa sau uku daga cibiyar, giram 10 na gam da aka zuba a baya sai an biya shi da giram 30 a gaba. Don haka kafin a nemi dalma a liƙa, a fara matsar da batir gaba ko baya, tunda dama nauyi ne da dole jirgin ya ɗauka.

Na ji daɗi da na karanta cewa wannan damuwa ta girmi rimot nesa ba kusa ba. A shekarar 1804, George Cayley na Ingila ya ƙera ƙaramin jirgin gwaji mara inji, ya sa masa wani nauyi da ake iya matsarwa don sauya cibiyar. Abin da muke yi da batir a yau ke nan. Ina ganin duk mai harhaɗawa ya kamata ya auna cibiyar da kansa ko da littafi ya ba shi lamba, ya kwatanta da wancan kaso na 25 zuwa 33. Idan sun yi nisa da juna, ya tsaya ya tambayi waɗanda suka riga shi.

A ɓangaren lantarki, doka ɗaya ce ba na sassautawa a kanta: farfela ba ta hawa jikin inji sai an gama saita komai. Injin lantarki ba ya gargaɗi, sandar rimot ɗaya aka ture bisa kuskure zai tashi da cikakken ƙarfi, farfela kuma tana yanka yatsa. A kunna rimot kafin a jona batir, a cire batir kafin a kashe rimot. Idan injin mai waya uku ya juya a baibai, musanya kowace biyu daga cikinsu yana gyara shi. Batirin lifo kuwa, wato batir mai caji da ake sa wa waɗannan jirage, yana son kulawa. Kowane ɗaki nasa, wato kowane ƙaramin batir da ke cikinsa, bolt 3.7 ne, cikarsa 4.2, ba a barin sa ya sauka ƙasa da 3.0, kuma ba a sa shi a caji a tafi a bar shi, domin wanda ya kumbura ko ya huje yana iya kamawa da wuta.

Akwai gwajin da ba ya cin minti ɗaya, amma rashin yin sa ya karya sababbin jirage masu yawa. Ka tsaya a bayan jirgin, ka tura sandar rimot dama: leɓen fiffiken dama ya ɗaga sama, na hagu ya yi ƙasa. Ka jawo sanda wajenka: leɓen wutsiya ya ɗaga. Ganin suna motsi bai isa ba, sai ka faɗi da bakinka inda kowanne ya nufa. Idan an jona su a juye, jirgi zai karkata, matuƙi ya yi ƙoƙarin gyarawa, gyaran nasa ya ƙara kifar da shi.

Tashin farko ba na mai koyo ba ne, ko da shi ya harhaɗa. Wannan yana da wuyar haɗiya, amma sabon jirgi yakan buƙaci saiti a sama cikin daƙiƙoƙin farko, kuma idan ya juyo yana fuskantar ka, dama da hagu sukan rikice wa wanda bai saba ba. Gwani ya tashe shi yana fuskantar iska, a fili mai nisa da jama'a da filin jirgi, kada ya haura sama fiye da mita 120 ɗin da ƙasashe da dama suka ƙayyade. Idan ya sauko, aiki ya koma tebur. Duk saitin da aka yi da rimot a sama, a mayar da shi jikin sandunan da ke tura leɓɓan ta hanyar ƙara musu tsawo ko ragewa, a bi kusoshin inji da na ƙafafu ɗaya bayan ɗaya domin girgiza tana kwance su, a ja kowane leɓe a ji ko maɗaurinsa ya saki, sannan a sauke batir zuwa kusan bolt 3.8 a kowane ɗaki kafin a ajiye shi.