Kawunan Nok da digar kakanmu

Yau ruwa ya tsare ni da ɗan yayata a gidan adana kayan tarihi na Jos, sai muka faɗa ɗakin da aka jera kawunan Nok, wato kawunan yumɓu da mutanen zamanin dā suka ƙera, don mu fake. Na tsaya gaban wani kai na yumɓu, idanunsa a huje, gashinsa a kitse tsaf, ya haura shekara 2000 a duniya. Ma'aikacin wurin ya ce na farko-farko masu haƙar kuza ne suka tono su, ba nemansu aka fita ba. Har da wanda aka samu a wajen Jema'a a 1943: mutumin da ya tsince shi gonar doyarsa ya kai shi ya kafa shi mutum-mutumi, kafin ya iso hannun Bernard Fagg, wanda ya buɗe wannan gida a 1952. Yaron ya fashe da dariya ya ce, "Kawu, ashe har gadi ya yi!"

Ni kuwa dariyar ta ƙi zuwa. Kakanmu, Allah ya jiƙansa, a ramukan kuza ya ƙare ƙuruciyarsa, daga Bukuru har can Jema'ar, da diga da kwanon ƙasa a ka. Bai taɓa ce mana ya ga irin waɗannan ba, labarinsa kullum sanyi ne da ciwon baya. Wanda ke neman na tuwon dare ba zai tsaya duba fuskar yumɓu ba, ban kuwa ga laifinsa ba. Amma tun ɗazu nake ta tunanin ko guda nawa suka farfashe a ƙarƙashin digarsa.