Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Bayan An Naɗe Tabarmi

Assalamu alaikum. A makon jiya na tsaya a inda maza suka dawo daga maƙabarta bayan sun binne ɗana na fari. Yau niyyata in kai ku ga yadda gidauniyarmu ta iyaye mata da suka rasa 'ya'ya ta samo asali, tunda da ita aka fi sanina yanzu, amma ba zan iya kai ku can ba sai na bi ta kan maganar Goggo.

Ranar sadakar uku ce. Ina ɗakin Inna, mata cike har bakin ƙofa, aka shigo da takalman makarantarsa za a haɗa da kayan da za a bayar. Ban yi ihu ba, ban yi birgima ba, hawaye kawai suka zubo. Goggo, ƙanwar mahaifin maigidana Malam, ta dube ni a gaban kowa ta ce, "Ke 'yar nan, share hawayen nan. Ruwan zafi kike zuba masa a kabari. Kuma ɗan fari ne, ina kunyarki?" Na sa bakin mayafi na share, na ce, "To Goggo, ku yi haƙuri." Ni ce ma na ba da haƙuri.

Duk wanda ya tashi a cikin birni ya san yadda abin yake. Shekara goma sha ɗaya yaron nan ya yi a duniya, ban taɓa kiran sunansa ba, mai sunan Baba nake cewa. Da aka yaye shi Inna ta ɗauke shi, kamar yadda aka saba. Sikila ce ta dawo mini da shi, don tsohuwa ba ta iya kwanan zaune. Da zarar hunturu ya shigo, ciwon ya tashi, ni ce mai tashi tsakar dare in hura gawayi, in ɗora tukunya, in riƙa gasa masa ƙafafu da baya da tsumma har ya samu barci. Ruwan zafi shi ne abin da ya fi so daga hannuna. Shi ne Goggo ta zaɓa ta dake ni da shi.

Bari in faɗi wannan tun ban manta ba, saboda har yau akwai masu cewa daga gidanmu na kawo musu ciwon. Ni AS ce, Malam ma AS ne, wato muna ɗauke da sikilar a jini amma ba mu da ciwon, takardun suna nan a jakata. Yaro ba ya zama SS, wato mai ciwon, sai ya ɗauko daga uwa ya ɗauko daga uba, kuma idan AS biyu suka haɗu, kowane ciki yana da kaso 1 cikin 4 na fitowa da ciwon. A zamaninmu wa ya san wani gwajin jini kafin aure? Gaisuwar iyaye, lefe, sadaki, shi ke nan. Sai a 2024 Kano ta sa hannu a dokar gwaji kafin ɗaurin aure, mu kuwa namu ya riga ya wuce.

Shekarun da suka biyo bayan rasuwar ba ni da abin faɗa a kansu. Na yi girki, na je biki, na haifi Auta. An ce na yi tawakkali, har ana misali da ni.

Sai ga korona a 2020. A ƙarshen watan Maris gwamnatin Kaduna ta kulle jihar, ba shiga ba fita, ba masallaci ba taro. A cikin kullen nan wata da muke Islamiyya tare a Tudun Wada ta rasa 'yarta 'yar shekara huɗu. Mutane ƙalilan suka kai ta, babu zaman makoki, babu masu shigowa gaisuwa. Na kira ta a waya don in sauke nauyi. Tana ɗauka ta fara ba ni haƙuri, wai in yafe mata muryarta na rawa, an hana ta kuka. Na tambaye ta wa ya hana ta. Ta ce uwar mijinta, wai hawaye na ƙona yarinyar. Ashe Goggo ba ɗaya ba ce a Zariya. Na ce mata, "Maman biyu, yi kukanki, ina kan layi." Katina ya ƙare, na sake sawa.

A daren na tambayi Malam gaskiyar maganar. Ya ɗauko Buhari ya karanta mini rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW), yadda idanun Annabi suka zubar da hawaye har Abdurrahman ɗan Aufu ya ce, har kai ma ya Manzon Allah? Ya ce wannan rahama ce. Ya ce ido yana zubar da hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗin komai sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yage tufafi. Na ce, "Malam, ka san wannan ranar sadakar uku?" Ya ce ya sani. Na ce, "Kana zaure aka kai maka labarin abin da Goggo ta ce." Ya yi shiru, daga baya ya ce, "Uwa ce." Ban ƙara magana ba, kuma ba zan ce na gamsu ba.

Daga wannan waya abin ya fara. Kafin Mai Martaba Sarkin Zazzau Shehu Idris ya rasu a watan Satumba na wannan shekara, mun zama 'yan kaɗan muna haɗuwa a garejin gidanmu, kowacce ta binne ɗa. Malam ne ya ce a mayar da abin sadaka mai gudana, ya ware kuɗin hayar shagonsa na Sabon Gari. Rajista ta ci lokaci, sai da aka buga sunayen amintattu a jarida aka jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Da aka zo zaɓen suna, ni na ce a sa na yaron. Sunan da ban taɓa furtawa ba yanzu yana kan allo a ƙofar gida, ɗan acaɓa ma da shi yake kwatance. Inna ba ta ji daɗi ba, ta daina shigowa ta wannan ƙofa.

Tsarinmu ba wani mai wuya ba ne. Ba ma zuwa a kwana ukun farko, lokacin gida cike yake, ga masu kawo tuwo ga masu kallon wa ya zo wa bai zo ba. Sai an yi bakwai, an naɗe tabarmi, 'yan nesa sun hau mota, uwa ta shiga ɗaki ta tarar da kwanon yaro a inda ya bar shi. A nan muke sallama, mu biyu biyu. Muna riƙe abinci, don Annabi ya ce a yi wa iyalan Ja'afar abinci ranar da labarin shahadarsa ya zo, mu kuwa mun juya abin, mai makoki ne ke ciyar da gari. Abu na farko da muke tambaya shi ne sunan yaron, mu ce ta ba mu labarinsa. Akwai wadda ta yi ta kallona, ta ce tun da aka fita da shi ba wanda ya ambace shi a gidan. Kuma an hana kowace 'yar gidauniya cewa "ke yarinya ce, za ki haifi wani". Na haifi wani, na san abin da nake faɗa.

Muna karanta musu hadisin Baitul Hamdi da ke Tirmizi, gidan da ake gina wa wanda aka karɓi ɗansa ya gode wa Allah, amma sai ta gama kukanta. Matan Kirista daga Wusasa da Sabon Gari su ma suna zuwa, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Wadda muka ga ta daina ci, ta daina barci, ko tana maganar gara ta bi shi, ba ma tsayawa nasiha, ƙanwata nas ce, ita take raka ta wurin likitocin ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Shika, wani lokaci har asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna. A nan ake ja da dangi, kowa na tsoron a ce 'yarsu ta taɓu. Ita ƙanwar tawa ce ta nuna mini binciken lafiya na ƙasa na 2018, cewa cikin yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba sa kai shekara biyar, kuma namu na arewa maso yamma ya fi haka. Ta ce, "Yaya, lissafa iyayensu mata." Ban iya ba.

Maza kuwa sai a hankali. Uba ba ya zuwa wai don a yi masa ta'aziyya sau biyu. Malam ya gano dabara, yana kiransu ne a kan ba da jini ga yaran sikila, idan an gama a zauna shan shayi, a nan wani zai buɗe baki. Shi kansa Malam, sai a irin wannan zama wani ya ji daga bakinsa cewa duk Juma'a yana zuwa kabarin. Ni a bakin matar mutumin na ji.

Goggo ta rasu bara. Na sani ita ma ta binne 'ya'ya, wabi ta yi ta yi a gidanta na farko har aka sa wa wadda ta tsaya Ajuji. Wasu za su ce to ai ga dalilinta nan. Na sani, na kuma yi mata addu'a, ni na dafa waken sadakarta. Amma macen da ta ɗanɗana abin nan har sau da yawa ita ce ta fi cancanta ta ja ni ɗaki ta rufe ƙofa. Ba ta taɓa taka garejin ba, ba ta taɓa janye maganarta ba.

Wadda take raye kuma tana magana ita ce facalata, mai cewa mun mayar da gawar yaro jari, Turawa na turo mana dala. Littafin shige da fice yana nan, kowace naira a rubuce, yawancinta kuɗin haya ne da abin da mata ke haɗawa a adashi. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu zan ba ku labarin ranar da na ɗauki littafin na kai shi zaman gado a gaban Baffa, da abin da ta ce da aka miƙa mata ta karanta.