Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Shekarun da muke gudun hunturu

Makon jiya na tsaya a inda na aje alli bayan doguwar hidimar koyarwa a makarantun jihar Damagaram. Yau zan ba ku labarin abin da muka yi da sararin da muka samu, ni da matata Hajiya.

Baƙo yana ɗauka zafi kaɗai muka sani a Damagaram. Ya zo ya kwana a Birni ko Zango cikin watan Janairu ya gani. Iska na tasowa daga gabas maso arewa ɗauke da ƙurar hamada, hazo ya rufe duwatsun gari, ruwan randa ya gagari alwalar asuba sai an ɗumama. Tsofaffi kan jeru jikin bango suna shan hantsi, dugadugai sun yi faso, kowace ɗaka da kaskon wutarta. Ni wannan bai taɓa kayar da ni ba. Hajiya ce abin tausayi, domin asma gare ta. Da hunturu ya kama, a zaune take kwana, ta jingina da bango, ƙirjinta na kuka har ina ji daga shimfiɗata. Likita ya faɗa mana gaskiya: magani zai rage, amma ƙura ce abokiyar gabarta.

Ƴarmu ta fari tana aure a Kwatano, inda mijinta ke harkar fiton kaya a tashar jiragen ruwa, wadda ta nan ne yawancin kayan Nijar ke shigowa a wancan zamani. Ita ce ta kira ni ta ce, "Baba, don Allah ka kawo mana Inna ta yi sanyin nan a wurinmu." Na yi jim. Dattijo ba ya tarewa gidan suruki, balle gidan ƴar fari. Yaron kirki ne, ya fahimci nauyin da nake ji tun ban furta ba, sai ya kama mana ɗaki da falo a unguwar Zongo, kusa da masallaci. Daga nan abin ya zame mana al'ada: da an gama girbi, iska ta juya, sai mu ɗaure kaya. Kilishi, kuka, daddawa, yakuwa busassa da garin gero na fura, su ne rabin kayanmu.

Ba ma yin tafiyar a tashi guda, jikinta ba zai ɗauka ba. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, ta Tasawa, Maradi, Ƙonni, Dogon Dutsi da Dosso. A Yamai mukan huta gidan ƙanena, kuma shi ne ya fara kai mu Kure, wajen kilomita 60 daga birnin, don mu ga raƙuman dawa.

Na sha zana raƙumin dawa a allo ina koya wa yara, amma ban taɓa ganin sa a sake ba sai ranar. Mai rakiya ya shiga motarmu, muka bar kwalta muka ratsa gonakin da aka girbe. Can sai ga su tsaye ƙarƙashin gawo, uwa da ɗanta da wasu a baya. Fatarsu ta fi ta hoto haske. Uwar ta miƙa wuya, ta naɗe reshe da dogon harshenta, ta zuge ganyen ta bar ƙayar, ko kallo ba mu ishe ta ba. Wata mata ta wuce da itace a ka dab da su, ba wanda ya razana da wani. Hajiya ta kama hannun rigata ta ce, "Malam, ashe wannan halitta a ƙasarmu take?" Irinsu ba su rage ko'ina a Afirka ta Yamma ba sai a Nijar. A 1996 ba su wuce 50 ba, farauta da fari da saran itace sun kusa ƙarar da su. Da aka tsare su, aka kuma sa mutanen ƙauyukan suka ga amfaninsu, sai suka haura 600, har a 2018 aka ɗebi 8 aka kai dajin Gadabeji a jihar Maradi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne gawon. Shi ne itacen da ke fitar da ganye da rani lokacin da sauran suka kaɗe, shi ke riƙe da dabbobin nan, kuma shi ne Sarki Tanimun ya hana sara a ƙasar Damagaram tun kafin zuwan Turawa. Mutanen da sun san abin da suke yi.

Wata shekarar muka je gandun dajin W ta Say da Tamu har Tapowa. An kafa shi a 1954, ya ratsa Nijar, Benin da Burkina Faso. Mun ga ɓauna, gwanki da birai, giwaye kuwa daga nesa a bakin ruwa. Amma hanyar ƙura ce zalla, Hajiya ta sha wuya, ba mu sake ba.

A lokacin, in za a Kwatano, daga Dosso ake karyawa kudu zuwa Gaya, a haye gadar kogin Kwara a shiga Malanbil, sannan Kandi da Paraku. Tun daga Paraku nake lura da numfashinta na saki. Kwatano ma hazon kan leƙa ta, amma iskar teku mai laima ce, dare kuma ba ya sanyi. Matar da ke kwana zaune a gida, a can sai na tashe ta sallar asuba. Har kasuwar Dantokpa take shiga da ƙafarta, ƴan kabu-kabu masu rigar ruwan ɗorawa na ta giftawa, ta yi ciniki da hannu da ƴar Faransancin da ta tsinta.

Don ƙirjinta muka fara tafiyar, amma jikoki ne suka sa muka ɗore. Da muka fara zuwa, Faransanci da yaren Fon suke yi, Hausarsu ba ta wuce "ina kwana" ba, kuma ɓuya suke bayan uwarsu in sun gan mu. Hakan ya yi mini ciwo ƙwarai. Hajiya ba ta yi wa kowa faɗa ba. Kullum bayan isha'i takan shimfiɗa tabarma, ta dama fura, ta ce "ga ta nan ga ta nanku", ta kawo Gizo da Ƙoƙi. Ni kuma da safe in zaunar da su mu yi karatun allo, in ba su labarin fadar Damagaram da hawan sallah, da yadda garinmu ya riƙe babban birnin Nijar har 1926. Ran Lahadi mukan je bakin teku a Fijirose, ni da ita mu zauna ƙarƙashin itacen kwakwa, su suna guje-guje da igiyar ruwa. A nan ne ƙaramar ta rugo da ƙwaryar kaguwa a hannu tana cewa, "Kaka, duba abin da na tsinto miki!" da Hausa tsantsa, har da karin harshen Damagaram na kakarta. Hajiya ta juya kai tana share ido da bakin mayafi.

Mukan dawo gida farkon Maris, kafin zafi ya yi tsanani. Haka muka yi ta yi har abubuwa suka sauya. A watan Agustan 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum 8 a Kure, Faransawa 6 da ƴan Nijar 2, zuwa wurin ya tsaya. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma aka rufe gadar Gaya, masu tafiya suka koma haye kogi da kwalekwale. Yadda muka yi da hunturun waccan shekarar, da shawarar da ƴarmu ta yanke, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.